Robar Ƙasan Bamba: A Cire Ta, A Rage Ta, Ko A Bar Ta?

Ruwa ya kwana yana zuba a wani dare na watan Agusta, da gari ya waye na ɗauki motata, Tacoma 'yar Amurka da na saya ta hannu, na kama titin Zariya zuwa gona a yankin Kadawa. Inda kwalta ta ƙare burji ya fara, ruwa ya cinye bakin hanya ya bar gangara mai kaifi. Na sauka a hankali, na ji ƙurrr a ƙarƙashin gaban motar, ban damu ba don na saba jin hakan. Da na matsa gaba kaɗan na tarar hanyar ba ta biyuwa, sai na sa ribas. Baƙar robar nan da ke rataye a ƙasan bamba, wadda ta lanƙwashe ta wuce lokacin shiga, a wajen fita sai ta kama bakin kwalta ta ƙi saki. Ta ja kusurwar bamba ta fizge maɗaurinta. Da na sauko na duba, rabin robar yana jan ƙasa, bamba kuma ta buɗe baki ta gefen dama. Da igiyar ɗaure buhu na ɗaɗɗaure na dawo gari.

A gareji, kafin in gama bayani yaron da ke riƙe da sifana ya yanke hukunci: "Alhaji, cire ta kawai. Ado ce, ba ta aikin komai. Can ƙasarsu titi sumul yake, shi ya sa suke saka ta." Maigidansa, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya girgiza kai ya ce, "Yaro, kamfani ba ya kashe kuɗinsa a kan abin da ba shi da aiki. Alhaji, ka yi tunani tukuna kafin a taɓa ta." Kowannensu yana da rabin gaskiya a hannunsa, kuma rabin da ya shafe ka ya danganta ne da inda tayoyin motarka suka fi takawa a shekara.

Ba kowace mota maganar ta shafa daidai ba. Yawancin Hilux da Prado da ke yawo a Kano ba su da doguwar roba a gaba, sai dai 'yan ƙananan fallaye a gaban tayoyi, waɗanda ba su cika damun kowa ba. Masu wannan ciwon kai su ne masu motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka: Tacoma, Tundra, Ford F-150, Chevrolet Silverado da Tahoe, Ram da makamantansu. Za ka ga mota ƙatuwa, doguwa, mai jan ƙafa huɗu, amma an rataya mata wata haɓa ta roba da ta kusa taɓa ƙasa, har mutum ya yi mamakin wanda ya yi wannan tunani. Dalilin yana cikin dokar ƙasarsu. Tun 1975, bayan tsadar man da ta girgiza duniya a 1973, Amurka ta kafa doka da ke tilasta wa kamfanonin mota rage matsakaicin shan man motocin da suke sayarwa, wanda ya gaza kuma ya riƙa biyan tara har zuwa 2025. Kamfanin da ke sayar da dubun dubatar manyan motoci, ko ɗigon mai ya rage a kowace ɗaya, ya samu abin da zai nuna wa hukuma. Roba kuwa ba ta da tsada.

Sunan da Turawa suka ba ta, wato "air dam", yana nufin madatsar iska, kuma sunan ya dace. Ƙarƙashin mota ba santsi gare shi ba: ga aksil, ga salansa, ga tankin mai, ga sandunan giya, ga ƙarafunan shasi. Idan mota na gudu, iskar da ta kutsa ƙarƙashi tana karo da waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, tana rikicewa tana riƙe motar. Robar tana tsayawa a gaba kamar yadda madatsar Tiga ta tare kogi, ta karkatar da iskar zuwa gefe da sama inda jikin mota yake sumul.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe a nan shi ne yadda ƙarfin iska yake ƙaruwa da gudu. Idan ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da inji zai kashe don ya keta ta kuma yana ninkuwa sau takwas. Saboda haka wanda ke rarrafe a cunkoson Kantin Kwari ko na Ƙofar Wambai, a bayan adaidaita sahu, robar nan ba ta tsinana masa komai ta fuskar mai. Tana fara aiki ne idan ka wuce Kwanar Dawaki ka miƙe santal zuwa Kaduna. Kamfanonin da kansu sun nuna sun san da haka. Ram 1500 samfurin 2019 ta zo da roba mai motsi da kanta, wadda take ɓoye idan ana tafiya a hankali, sai gudu ya kai wajen kilomita 56 a awa ta sauko da kimanin santimita 6. Ford ma ta saka irinta a F-150 ta 2021. Ma'ana, sun yarda cewa a ƙaramin gudu cikas ce, a babban gudu kuma riba ce.

To nawa ne ribar? Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa bayan nan, babu mai babbar mota a Kano da zai ce lita ɗaya ba komai ba ce. Bari mu yi lissafi na misali kawai. Mu ƙaddara motarka tana shan lita 12 a kowane kilomita 100 a babban titi, mu kuma ƙaddara cire robar ya ƙara mata kashi 3 cikin 100. Zuwa Abuja da dawowa, tafiyar da ta haura kilomita 800, zai ci maka ƙarin lita 3 da ɗan wani abu. Ga wanda ke zuwa sau biyu a shekara wannan ba abin tada hankali ba ne. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke yin wannan hanya kowane mako, lissafin yana kaiwa wajen lita 160 a shekara, tanki biyu ke nan na irin waɗannan motoci. Kowa yana iya gwada tasa motar: ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar kilomita, ka je Kaduna ka dawo, ka sake cikawa a famfo ɗaya, ka ga lita nawa ta sha. Ka maimaita bayan an cire robar, da gudu iri ɗaya da kaya iri ɗaya. Gani ya kori ji.

Sai dai zan faɗi wani abu da nake ganin ya fi wannan nauyi. Mutumin da ya ɗora manyan tayoyi masu ƙusoshi, ya kafa ragar kaya a rufi, ya bar iskar taya ta yi ƙasa, yana kuma taka mota har 120 ko fiye, asarar da yake yi ta waɗannan hanyoyi ta fi ta robar nesa ba kusa ba. Saukowa daga 120 zuwa 100, wanda shi ne iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta sa wa motocin gida a tagwayen tituna, yana rage turjiyar iska da kusan kashi 30 cikin 100. Don haka idan maganar mai ce kaɗai, ba zan hana kowa cire robarsa ba. Damuwata tana wani wajen.

Damuwata ita ce zafin inji, kuma a nan ne dattijon gareji ya fi yaronsa gaskiya. Duk wanda ya kwana a ɗaki mai taga ɗaya a watan Afrilu ya san iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. Sai an buɗe taga ta biyu a ɗaya ɓangaren sannan ɗaki yake shan iska. Haka lagireto yake. Iska tana bugun gabansa, amma ba za ta ratsa shi ba sai idan bayansa, wato ɗakin inji, akwai sarari da za ta fice. Robar ƙasan bamba tana hana iska cunkushewa a ƙarƙashin inji, sai wajen ya zama kamar mai zuƙa, yana jawo iska mai zafi ta fita ta ƙasa, sabuwa ta shigo ta gaba. Idan aka cire ta, a wasu motocin iska tana taso wa inji daga ƙasa ta cika ɗakin, wadda ke ƙoƙarin ratsa lagireto ta ragu. Littafin da General Motors ke bayarwa tare da Silverado da Tahoe ya yi magana a kan wannan kai tsaye: ya yarda a cire robar idan za a shiga daji, sannan ya gargaɗi mai mota ya mayar da ita bayan ya fito, domin daɗewa ana tafiya babu ita yana iya hana iska isa ga inji yadda ya kamata.

Wannan gargaɗi an rubuta shi ne ga mutanen da yawancinsu ba su san zafin Kano ba. Daga Maris zuwa Mayu, rana a nan tana wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi. Esi yana kunne tun daga ƙofar gida, kwandansarsa, wato ragar da ke fitar da zafin esin, tana zaune a gaban lagireto tana tura masa iska mai ɗumi. Idan motar mai giya otomatik ce, man giyar ma a mafi yawan lokuta ta lagireton yake bi ya huce. Ka ɗora a kan haka buhunan taki ko shinkafa a baya, ko jan wata motar da ta lalace, da ƙurar hunturu da ta toshe ramukan lagireto ba a wanke ba. Sannan ga al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, wadda take ba ni takaici ƙwarai: mota tana shigowa daga waje sai a cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zagayawar ruwan inji gwargwadon zafinsa, a ce "na ƙasar sanyi ne", a haɗa fanka kai tsaye, a riƙa ɗura mata ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji na gaske, har tsatsa da gishiri su cike bututun. Motar da aka yi wa wannan aika-aika, sauran ƙarfin sanyayawarta kaɗan ne. Cire mata robar a tsakiyar bazara yana iya zama abin da zai ƙarasa ta a kan hanyar Maiduguri da tsakar rana.

Kada kuma a dogara da allurar zafi ta gaban direba. A motocin zamani da yawa an tsara ta ne ta tsaya cak a tsakiya ko da zafin yana hawa yana sauka, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. Ƙaramar na'urar nan da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya, irin wadda masu gyaran wutar mota ke duba laifi da ita, tana nuna ainihin zafin ruwa da lamba. Inji mai lafiya yana zama ne a wajen digiri 90. Wanda ya cire robarsa, ya kamata tafiyarsa ta farko mai nisa ya yi ta da wannan na'ura, ya ga ko lambar ta canza idan yana gudu da kaya. A cunkoso ba za ka gane komai ba, don a can fanka ce ke yin aikin duka, da roba da babu roba ɗaya ne.

Yanzu ga ɓangaren yaron mai sifana, wanda shi ma ba wasa yake ba. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a ƙofar gidansa. Ka sami katako miƙaƙƙe, ka sa bakinsa ɗaya a inda tayar gaba ta taɓa ƙasa, ka ɗaga ɗayan bakin a hankali har ya taɓa wani abu a gaban motar. Tsayuwar da katakon ya yi, ita ce iyakar tudun da motarka za ta tunkara ba tare da ta daki ƙasa da haɓa ba. A motocin da muke magana a kansu, abin da katakon zai fara taɓawa kusan kullum robar ce. A takardun Toyota na Tacoma daga samfurin 2016, wadda take da robar tana tunkarar tudu mai digiri 29, ita kuwa TRD Off-Road, wato Tacoma ta shiga daji, da aka fitar babu robar tana kaiwa 32. Haka Ford Raptor da Chevrolet Colorado ZR2, waɗanda aka ƙera musamman don daji, ba a rataya musu irin wannan haɓa ba. Digiri uku a takarda kamar ba yawa, amma a bakin kwazazzabo shi ne bambancin wucewa da fasa bamba.

Hanyoyin gonakinmu kuma suna da nasu hali. Tarakta da tifa suna bi a cikin damina su haƙa ramuka biyu inda tayoyinsu suka taka, su bar tudu a tsakiya. Tayoyinka suna faɗawa cikin ramukan, tudun kuma ya zo daidai tsakiyar bamba. A nan robar tana zama garma: tana kwasar laka tana tarawa a gaba, motar tana ƙara nauyi, tayoyi suna fara juyawa a banza. A yashi ma haka, musamman wajen tsallaka busasshen rafi, inda da zarar gaba ya nitse kaɗan sai robar ta fara tura yashi har motar ta tsaya. Tsallaka kunya don ɗauko amfanin gona daga cikin gona shi ne mafi muni, domin gaban mota yana sunkuyawa cikin kwari daidai lokacin da kunya ta gaba take tasowa. Sannan darasin da na koya da kuɗina: shiga ba ita ce matsala ba, fita da baya ita ce. An yi robar ne ta lanƙwashe baya idan ta daki abu. Idan ta haye dutse ko bakin kwalbati sannan ka ja da baya, sai ta zama ƙugiya, kuma abin da take ja shi ne bamba, wadda kuɗin gyaranta da fentinta ya ninka na robar sau da yawa.

Ko cikin gari ba a tsira ba. Mutane suna ɗaga ƙofar gida da ta shago saboda ambaliya, su yi mata gangara gajera mai tsayi. 'Yan unguwa suna gina tudun rage gudu yadda suka ga dama, wani kamar katanga. Lungunan Ɗorayi ko Rimin Kebe a tsakiyar damina ba su da bambanci sosai da hanyar gona. Amma kafin mutumin cikin gari ya ɗauki sifana, ya fara gwada shiga irin waɗannan wurare a karkace, taya ɗaya ta fara hawa kafin ɗayar. Sau da yawa wannan kaɗai yana kashe ƙarar gogar.

Akwai abubuwan da cire robar ba zai ba ka ba, kuma gara a san su kafin a shiga inda ba za a fito ba. Ba zai ɗaga cikin motar ba. Kumburin tsakiyar aksil ɗin baya yana nan inda yake, babu abin da ke ɗaga shi sai taya mafi girma. Ba zai ƙara maka zurfin ruwan da za ka iya shiga ba, domin wannan yana hannun bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, kuma idan ruwa ya shiga ta nan a ƙarƙashin wata gada da ta cika, inji ya tafi ko da roba ko babu. Mai Highlander ko RAV4 ko Lexus RX kuma ya sani cewa cire roba ba zai mai da motarsa ta daji ba, tun asali ƙasa-ƙasa aka yi ta, shawarata gare shi ya bar kaza cikin gashinta. Har ila yau, ƙarar gogar da take ba mu haushi gargaɗi ce mai araha. Roba ce take gaya maka ƙasa ta kusa. Idan babu ita, abu na gaba da zai ba ka labari yana iya zama ƙasan lagireto, ko bututun esi, ko kaskon baƙin mai. Robar ba sulke ba ce, dutse zai fasa ta, amma tana kare leda da ciyawa da tsakuwa, tana kuma kwantar da karan dawa da kututturensa kafin ya soki wani abu mai laushi.

Tsakanin cirewa da bari akwai masu yanke ta, su rage mata tsawo da kamar yatsu uku ko huɗu. Dabara ce mai kyau ga wanda gogar da yake sha kaɗan ce, domin sauran da ya rage yana ci gaba da tare wani ɓangare na iskar. Aibinta shi ne ba a mayar da abin da aka yanke. Kayan motocin Amurka ba kullum ake samunsu a Ƙofar Ruwa ba, idan an samu kuma farashinsu yana bin dala. Ranar da ka tashi sayar da motar, dillali zai sunkuya ya ga yankakkiyar roba ko ramukan noti babu komai, ya fara tambayar ko motar ta taɓa yin karo, ya sami hujjar rage maka kuɗi. Idan za a yanke, a ja layi da alli, a yanka daidai, a goge bakin.

Wanda ya yanke shawarar cirewa gaba ɗaya saboda aikinsa a daji yake, ina ganin bai gama aiki ba sai ya sa farantin ƙarfe a madadinta. Masu walda a Kano suna iya ƙera shi da kyau idan aka tsaya musu. A yi shi da ƙarfe mai kauri kamar milimita 3, ya taso daga ƙarƙashin inji ya karkato sama zuwa bamba yadda zai zame a kan tudu maimakon ya tokare shi. A ɗaure shi da noti a jikin shasi, kada a yi masa walda, kada kuma a rataya shi a ƙarfen da ke riƙe da lagireto, don duk dukan da ya sha can zai tura shi. A bar ƙofar juye baƙin mai da ramukan da laka da ruwa za su fita. Irin wannan faranti yana kare ciki, yana kuma rufe wani ɓangare na hanyar da iska ke bi ta taso wa inji daga ƙasa. Abin da ba na goyon baya shi ne ƙaton ƙarfen kariya da ake haɗawa a gefen titi a manna a gaban mota. Yana da nauyi, yana iya rikita na'urar da ke buɗe jakar iska a lokacin haɗari, kuma a gari mai cike da masu tafiya a ƙasa da babura da 'yan makaranta, abin da zai zama rauni yana iya zama rasa rai.

Zaɓin da na tsaya a kansa, wanda nake ganin ya fi dacewa da mafi yawan masu irin motata a Kano, shi ne bin yanayin shekara. Allah ya sa lokacin da muka fi buƙatar tsayin gaba, wato damina zuwa kaka, shi ne lokacin da gari ya yi sanyi, gudu kuma ya ragu saboda hanyoyi sun lalace. Lokacin da inji ya fi buƙatar kowace iska, wato bazara, hanyoyin gona sun bushe sun daddale, ramuka sun ragu. Don haka nake cire tawa a farkon Yuni kafin ruwa ya zauna, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, in mayar da ita bayan an gama kwaso amfanin gona. Masu noman rani da ke jigilar tumatir da albasa cikin zafi su ma wannan tsari ya yi musu, don a lokacin ne suke haɗa kaya mai nauyi da doguwar kwalta. Wanda rayuwarsa take tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, gonarsa kuma sau ɗaya yake leƙa ta a wata, ya bar tasa a jiki ya koyi lallaɓawa. Ɗan kwangila, ko ma'aikacin lafiya da ke zagaya ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada da Sumaila duk shekara, ya cire ya sa faranti, ya kuma kula da lagiretonsa fiye da kowa. Mai roba mai motsi irin ta Ram da Ford ya fi kowa sauƙi, tasa tana ɓuya da kanta, cire ta kuma yana iya kunna masa wutar laifi a dashbod saboda tana da moto da waya.

Aikin cirewar kansa bai fi rabin awa ba, 'yan notuna ne da maɓallan roba. Amma ka tsaya a wajen da kanka. A ƙarƙashin gaban mota akwai robobi kala uku da suke kama da juna ga wanda ke sauri: haɓar da ke rataye, da faffadan murfin da ke ƙarƙashin inji yana kare shi daga ruwa da laka, da ƙananan fallayen da ke gefe da ƙasan lagireto suna tilasta wa iska bi ta cikinsa. Ta farko kaɗai ake magana. Na sha ganin an fizge dukansu an jefar a bayan gareji wai suna hana makanike ganin inji, garin neman gira a rasa ido. Ni da bakina na ce wa yaron, "Ɗan'uwa, wannan ta wajen kaɗai za ka kwance, na cikin ka bar min su yadda ka gan su." Ka ɗauki hoto da waya kafin a fara. Ka lura da wayoyin fitilar hazo da na'urar auna zafin waje, kada a bar su suna lilo. A wasu motocin notunan da ke riƙe robar su ne kuma ke riƙe ƙasan bamba da robar cikin mazaunin taya, saboda haka a mayar da su ramukansu a ɗaure, in ba haka ba bamba za ta riƙa kaɗawa a kan gudu, robar cikin kuma taya ta cinye ta.

Tawa da ta yage, mai gyaran roba ya narka ya liƙe ta, ya ƙarfafa wajen da ta tsage ta ciki. Yanzu tana rataye a bangon garejin gida, sauran maɓallanta suna cikin leda an ɗaure a jikinta. Idan an gama sussukar shinkafa a Nuwamba, buhu na ƙarshe ya shigo gari, zan wanke lagireto in mayar da ita kafin tafiyar Abuja ta farko.